Kifin Kaka Orpa

Ranar da Demas ya dawo daga kasuwar Abepura da leda a hannu,
kifi takwas a ciki, kowanne bai kai ɗan yatsa ba,
launinsu dishi-dishi kamar tsohon cokali,
na ce, “An cuce ka, ƙanena.
Ina bakan-gizon? Ni ko hadari ban gani ba.”

Kaka Orpa ba ta ce uffan ba.
Ta ajiye goron pinan ɗin da take tauna,
ta ɗaga ledar ta saita ta da taga,
ta ƙura idon da bai yi yana ba.

“Ƙirga mini fiffiken bayansa.”
Biyu: ƙarami a gaba, dogo na biye.
“Bakin fa?” Ɗan mitsitsi, a tsuke.
“Ido?” Ya fi ƙarfin fuskar.
“To, shi ne. Ɗan tafkin Sentani ne, ɗan gidanmu.
Yaro ne tukuna.
Wa ya taɓa haifar jariri da gemu?”

Shekara arba'in ta yi tana tuƙa kwalekwale,
kafin gwiwa ta zaunar da ita a gidan siminti,
nesa da ruwa, kusa da kukan babura.
Da can, in ji ta, irin waɗannan
kwando ake cikawa, ba mai ƙirgawa.
Sai aka zubo wasu kifaye daga nesa, masu faɗin baki.
Baƙo ya ci abinci, ya haɗa da mai gida.

Ita ta kafa wa akwatin gilashin doka.
Ruwan famfo ya kwana a bokiti kafin ya shiga.
Kada a ware ɗaya, kaɗaici na kashe musu launi.
Ciyawa a gefe, fili a tsakiya,
don 'yan tsere ne, ba 'yan zaman kusurwa ba.
Abinci ɗan tsunkule,
wanda za su cinye kafin ka gama hamma.
Ran Asabar a rage ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, a cike da sabo.
Murfi kuwa,
murfi Demas ya manta, dare ɗaya tak.
Da safe muka tsinci guda a bayan kujera,
ya bushe, ya lanƙwashe,
tururuwa sun riga mu zuwa gaisuwa.

Bakwai suka rage.
Wata shida muna ciyar da toka.

Sai wata safiya, ina hura wutar shayi,
na ji sandarta na bugun ƙasa: zo, zo, zo.
Rana ta haye duwatsu ta faɗo kan gilashin,
ga uku sun yi doro, ƙirji ya buɗe,
ja wur, jan bakin Kaka in ta gama tauna,
suna baza fiffike, suna karkarwa, suna zagaya juna
ba tare da ko cizo ɗaya ba.
Matan huɗu, cikin azurfa mai sirkin rawaya,
suna wucewa kamar ba da su ake ba.

“Da hantsi zai dushe,” ta ce.
“Ado na safe ne. Mai barci ba ya gani.”

Bayan kwana biyu ta nuna mini ƙwai,
ƙanana kamar raɓa, rataye da zare a jikin ciyawa.
Muka ɗauke reshen zuwa kwalba,
don iyayen ba su san kunyar cin nasu ba.
Mako guda, sai ga wasu abubuwa kamar gashin ido
suna shawagi a saman ruwan.

Demas na lissafin abin da za su kawo a kasuwa.
Kaka ta jawo kujera har hancinta na taɓa kwalbar,
hannunta na dama na motsi a cinyarta
kamar mai tuƙi.
Na ji tana raɗa: goma sha ɗaya, goma sha biyu…
ta ɓata, ta koma farko,
ita da ba ta taɓa ƙirga kifi ba.