Wadda Ba Ta Huci

Babur ɗina na sayar ranar Talata,
tunda an hana mu hawa titi.
Na ɗaure kuɗin a cinya da tsumma,
na shiga danfo daga Agege
ina ta shafa wurin kamar mai ƙurji.

Kasuwar kwamfuta ta Ikeja
ba ta barin mutum ya ji tunaninsa.
Wannan ya ja riga, wancan ya ja hannu,
wani ya rantse tasa jiya ta sauka daga jirgi.
Obiora ya buɗe min wata,
allonta garau kamar ruwan randa,
maɓallanta na ƙyalli, ja da kore.
Ya ce, "Aboki, ga matarka."
Na ce a kunna, a ɗora mata kaya mu gani.
Minti uku ba su cika ba ta fara huci
kamar ɗan dako a kan gadar Oshodi.
Na ce ya rufe.

Ni ba abin kallo na zo saya ba.
Ɗakina taku shida ne da taku biyar,
na manne bangon da kwalin ƙwai,
na toshe tagar da bargo biyu.
A irin ɗakin nan makirfo ba ya yafiya:
tafiyar ƙadangare a kan kwano ma ɗauka yake,
balle fankar da ke kuka a gindinsa.

Kuma akwai Kawu Tunau.
Shekara talatin da ɗaya yana gadin ƙofar wasu,
gurminsa a ƙarƙashin benci,
ba wanda ya ji shi sai karnukan gidan.
Bana yatsunsa sun fara rawa ba da izininsa ba.
Ba ni da lokacin na'urar da za ta sandare
a tsakiyar baiti.

Can ƙasan kanta, bayan igiyoyin caji,
na hango wata baƙa, mai tabo a goshi,
gefenta ɗaya a tsage, an ɗinke da salatif.
Obiora ya yi dariya har da buga cinya.
Na ce mai sayen rago haƙori yake dubawa,
ƙaho na 'yan kallo ne.
Ƙwaƙwalwarta nawa? Giga sha shida.
Takwas za ta yi tuntuɓe in na jera muryoyi.
Rumbunta fa, mai juyawa ne? A'a, shiru yake aiki.
In an ɗauke wuta? Awa huɗu, in ji shi.
Na cire ɗaya don halin kasuwa, uku ma ta isa.

Na roƙa ya kai ni ɗakin ajiya, ya ja ƙofa.
Na kwantar da kunnena a bayanta
kamar ungozoma.
Ba komai. Ɗan ɗumi kawai.

Sauran kuɗin ya tafi ga ƙaramin akwatin
da makirfo ke bi ya shiga cikinta,
da abin kunne wanda soson gefensa ya zube.
Kuɗin mota bai rage ba.
Na tako da ƙafa, tana maƙale a ƙirjina cikin leda,
hadari na bina a baya.

Ƙarfe uku na dare
janaretan Iya Morenike ya yi tari ya mutu.
Jirgin ƙasa sai asuba.
Kawu ya gyara zama, ya ja tsirkiya.
Na danna jan ɗigo.
Sautin ya tashi a allo, tudu da kwari, tudu da kwari,
ita kuwa ko numfashi.

Na sa masa abin kunnen. Ya runtse ido,
ya daɗe bai motsa ba.
Ya ce, "Wane tsoho ne wannan
da ke sakin tsirkiya ta biyu?"
Na ce kai ne, Kawu.
Ya goge yatsunsa a riga.
Ya ce, "A sake."