Ɗigo a Ƙarshen Layi

A Rotterdam ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a wuyan rigarka.
Na taka keke zuwa aji da sassafe,
warin albasar gidan abincin da nake wanke-wanke
bai bar yatsuna ba.

Farfesa Hoekstra ya haska taswira a bango,
jiragen ruwa kamar jerin tururuwa.
Ya ce, "Daga nan haja ke tashi.
Can ƙarshen layi akwai ƙananan 'yan kasuwa,
ba mu da alƙalumansu."
Ya sa musu ɗigo ɗaya, ruwan toka.

Na san ɗigon nan.
Sunanta Gulzada.
Shekara goma sha tara tana auna yadi
cikin kwantena a kasuwar Kara-Suu,
da rani tanda, da sanyi ƙanƙara.
Tana jin tashin dala a gwiwarta
tun kafin rediyo ya faɗa.
Rabin kwantenar ta sayar, da 'yan kunnen aurenta,
aka biya mini zangon farko.

Floris, abokin zamana,
waya ɗaya babansa ya buga, banki ya buɗe ƙofa.
Ni takarda arba'in da ɗaya na aika.
Ba na jin haushinsa.
Shi ya koya mini ɗaurin laktaye,
da yadda ake kallon manya ido cikin ido
ba tare da murya ta yi rawa ba.
Wannan darasi ba ya cikin manhaja,
kuma ya fi sauran tsada.

Ta arba'in da biyu ta amsa.
Kamfanin jigilar kaya, hawa na sha huɗu.

Na kira gida. "Apa, na samu!"
Sai na ji tana ce wa wata,
"Babu ragi, 'yar'uwa, haka na saro."
Ta dawo kaina: "Temirlan, nawa za su ba ka?"
Na faɗa.
Kafin in taɓa na'urar lissafi ta gama:
"Cire haya, cire haraji. Saura kaɗan.
Kada ka sayi kwat biyu."

Yanzu ta taga nake ƙirga kwantenoni,
aikina ke nan, ana biyana.
Jiya wata ja ta wuce, da tsatsa a kusurwa.
Na bar lissafin,
na bi ta da ido
har jirgin ya shige hazo.