Saƙo a Bakin Karofi

Shekara arba'in ina tsoma hannu a karofi,
nan bayan Ƙofar Guga, inda kwata ke gudu da shuni.
Farcena ya manta fari.
Ko ran Idi, in na ɗaga tafuka,
baba nake nuna wa sama.

Jiya Barira ta aiko murya daga Jamus,
autata, mai jinyar tsofaffin Turawa.
Ta ce, "Baba, sana'arka ta biyo ni.
Zaɓe ya ƙarato, kowace sandar fitila ta yi ado.
Baƙi na masu sunan Kirista a jam'iyyarsu,
ja na 'yan ƙwadago,
kore na masu jin tausayin itatuwa,
rawaya na waɗanda ba sa son a laluba musu aljihu."

Na danna, na ce, to, ja dai ja ne ko'ina.
Dariyarta ta riga maganarta isowa.
"A Ingila shuɗi na masu riƙon gargajiya ne, ja na ma'aikata.
Ƙetara teku zuwa Amurka, sun yi musayar riga:
masu cika coci ran Lahadi, galibinsu ja suke bi,
shuɗin ya koma ɗaya ɓangaren."

Na ajiye muciya, na zauna kan turmi.

Ta ce ran da ta je rajistar zama,
an tambaye ta addini kamar ana tambayar lambar gida.
Wanda ya rubuta coci, ana yankar masa haraji a albashi.
Wanda ya gaji, sai ya je ofis, ya bi layi,
ya sa hannu, ya fita,
a ba shi takarda ya ninke.

Akwai wata tsohuwa a ɗaki na tara.
Shekara talatin da fitarta,
takardar na cikin akwati, ƙarƙashin hoton mijinta.
Amma baƙi take zaɓa har gobe, don shi uwarta ta zaɓa,
kuma in dare ya raba, ciwo ya taso,
sai ta kama yatsun Barira
tana raɗa wata addu'a da ta ce ta manta.

Ni me na sani game da Turai?
Iyakata Maraɗi, ita ma sau biyu.
Amma na san Ɗanlami mai gyaran babur
ya kawo mini ƙyalle ɗaya sau uku cikin zaɓe uku,
in dafa masa galura, in juye masa launi,
na ukun har zaren ya ce ya gaji.
Na san Bulus Nomau, mutumin Kafur,
da ke kawo mini ganyen baba tun muna da baƙin gashi.
Mun taɓa dangwala wa tuta ɗaya, mun taɓa rabuwa,
bai fasa jirana in idar da la'asar ba
kafin mu yi ciniki.

Na kuma san abin da rijiya ta koya mini:
zane kore yake fitowa,
ɗanye shar, kamar bai ji komai ba.
Iska ce ke mayar da shi shuɗi
tun yana ɗiga a hannunka.
Wace iska ta bugi nasu, ban sani ba.

Da yamma na zaɓi turmi guda, mai tsoma bakwai,
na kai mabuga, aka daka shi har ya ɗauki ido.
Direban Kano zai miƙa wa mai tafiya.

Barira, ki shimfiɗa wa ta ɗaki na tara.
In ta tambayi na wace jam'iyya ne,
ki ce na mahaifinki ne.
In ya zuba a wuyanta, kada ta tsorata,
haka sabo yake yi.