Sikelin Talle

Na kai zomona, Toka, sikelin Talle mai gyaɗa
a unguwar Yelwa, nan Garwa.
Bara kilo biyu da rabi.
Yau allurar ta tsaya kafin biyu, tana rawa.

Shekara tara yana ƙarƙashin kekena na ɗinki,
yana kwana kan ƙyallayen da na zubar.
Yanzu in na shafa bayansa
sai in ji ƙashi ɗaya-ɗaya, kamar mai jan carbi.

Talle ya ce tsutsar ciki ce.
Dudu maƙwabciya ta ce kewa,
tun da macen ta mutu da bazara.
Likitan dabbobi ya buɗe bakin ya leƙa:
turame sun yi tsini, suna yankar harshe,
shi ya sa yake ɗaukar harawa ya ajiye.
Ya ce a lura da yawan shan ruwan nan,
ƙoda ma takan gaji.

Na jiƙa dusa, na gurza karas,
ina ba shi a tafin hannu.
Da dare na ɗauko wandona na sallar bara,
na rage masa ƙugu, yatsa biyu,
ban gaya wa kowa ba.