Akwati Huɗu

Matakala ɗari da tamanin ta hawo zuwa ƙofarmu,
tana haki, takalminta bai san tudun Valparaíso ba.
Sunanta Ximena, daga jami'a,
wai tana binciken yaran da suka kauce hanya.
Na ce, wace hanya? Mu nan sai matakala.

Na tura mata kujera, na ci gaba da gyaran kifi.
Takardarta na da akwati huɗu,
ta ce in zaɓar wa ƙanena Eliseo ɗaya.

Rubuta talauci, in kin ga dama.
Shekarar da aka kawo injinan loda kaya tashar jiragen ruwa,
babanmu ya dawo da hannu biyu ba abin yi,
ya tare bakin taga
yana ƙirga jiragen da ba su da bukatarsa.
Talabijin kuwa bai fasa nuna mana takalma masu tsada ba.
An nuna wa yaro rufin soro, an janye tsani.
Sai dai ni ma a tukunyar nan na ci,
yunwarmu ɗaya,
ga ni da wuƙar kifi, shi ga shi da bututun hayaƙi.

Ta ce, to abokai?
Na ce, na san zama da maɗaukin kanwa.
Fabián ne ya koya masa
cakuɗa garin koken da tokar sigari,
da inda ake tsayawa a lungu kada a gan ka.
Amma duk damunar da uwarmu ke kwance a asibiti,
Fabián kaɗai ke tambayarsa ko ya ci abinci.
Wannan a wane akwati za ki sa shi?

Ta yi shiru. Kuliyar maƙwabta ta zo karɓar kan kifi.

Yana ɗan shekara tara agogon malama ya ɓata.
Aka zazzage jakarsa a gaban aji:
ɓawon lemu, guntun fensir, hoton ɗan ƙwallo.
Bayan kwana uku agogo ya fito
daga aljihun rigar ruwan malama.
Ba wanda ya sake tara aji ya ce an yi kuskure.
Suna ya riga ya kama: Ɓera.
Mai kanti ya dinga raka shi da ido,
'yan sanda suka haddace fuskarsa tun bai san laifi ba.
Suna linzami ne, 'yar'uwa.
Yana da sha huɗu ya ce mini,
tunda na biya kuɗin sata, bari in karɓi kayana.

Dubi can ƙetaren ruwa, inda fitilu ke fari.
'Ya'yan likitoci ma suna shaƙa,
nasu ya fi tsada, ya fi tsabta.
Su a ce damuwa ce, a kai su gidan jinya mai lambu,
namu a ce lalacewa, a turo mota mai jiniya.
Ki tambayi malamanki, wa ya ja layin hanyar?
Wa ya riƙe allin?

Ta ce, yanzu yana ina?
Na nuna mata bakin teku da wuƙa.
Yana shafa wa kwalekwalen tsoho Evaristo fenti.
Tsohon ya ba shi mabuɗin rumbu,
mabuɗi na farko da wani ya taɓa damƙa masa.
Yau kwana arba'in da ɗaya bai sha ba.
Bara ya kai casa'in, ya faɗi.
Ba na ƙirgawa da ƙarfi.

Ba ta cika akwati ko ɗaya ba,
gefen takarda ta yi ta rubutu har ya ƙare.

Da yamma ya hawo, hannunsa duk shuɗi,
ya ce bari ya raka ta, matakala ba fitila,
ya miƙa hannu zai ɗaukar mata jaka.
Ina kallo ta ƙanƙame igiyar.
Na ƙirga numfashi uku.
Sannan ta saki.