Bangon Kawu Hammayo

A bayan tasha, nan Gombe,
akwai wani farin bango da ya tsufa.
Buhunan masara ke jingine da shi yanzu,
'yan dako na cin gyaɗa a gindinsa,
ba wanda ya san teku ta taɓa kwanciya a kansa.

Kawuna Hammayo ne ya zubo tekun.
Shekara ashirin da bakwai
yana cikin ɗan ɗaki mai taga kamar bakin asusu,
yana zarga faifai a inji mai tari,
haske ya bi ta saman huluna
ɗauke da ƙwari da hayaƙin taba.
In zaren ya tsinke sai ihu:
"Mai inji! Kuɗinmu!"
Shi ko ya ciji reza, ya liƙe, ya ce musu haƙuri
da harshen da ba ya jin tsoron kowa.

Ya ce da fari majigi ce.
Motar gwamnati ta tsaya a filin kasuwa
a koya mana wanke hannu
da shuka auduga a layi.
Akwai mai wayo, akwai wawa,
wawan kullum rigarmu ce a jikinsa.

Sai Indiya ta zo da ruwan sama da rawa,
'yan Sin suka zo ƙafa sama,
kaboyi bai taɓa rasa harsashi ba.
Mun haddace kukan kowa a duniya,
namu ne ba mu taɓa gani a bango ba.

Wata Laraba aka yi kuskuren gwangwani daga Jos.
Ya kunna.
Ba dambe, ba waƙa.
Wata baƙar mace ce, can yamma da Kwara mai nisa,
tana tankaɗe gari,
tana korar kaza da ƙafa ba ta ko duba ba.
Ba wanda ya san yarenta.
Benci ya fara gunaguni,
sai Ɗanjuma mai tsire, daga bakin ƙofa,
ya ce, "Wallahi haka Innata ke yi."
Aka yi tsit har fim ya ƙare.

Kawu ya saci tsawon ɗan yatsa daga faifan.
Bai taɓa neman gafarar wannan ba.

Kaset ya shigo, kowa ya ja silima zuwa ɗakinsa.
Yaran Kano suka ɗauki kyamarar biki
suka sa Hausa ta yi magana a akwati.
Benci ya zama itacen girki,
aka sayar da injin a kilo.

Ni ce na gaje shi, ba da saninsa ba.
Ina yanka fim a kwamfuta a Jekadafari,
in wuta ta yarda.
Wata uku muna ɗauka a duwatsun Kaltungo,
kwana biyu masu tura wa a waya
suka raba shi naira hamsin hamsin.

Jiya na kai masa, na sa masa a tafin hannu.
Yana ta rufe idonsa ɗaya.
Ya kanga wayar a kunne, ya saurara,
ya ce, "Adda, mutanen sun ƙanƙance."
Ya laluba aljihu, ya ciro ɗan yankin nan,
ya ɗaga wa rana.
Tana nan, da rariyarta,
kazar ba ta tafi ba har yau.