Awon Ruwa

Ƙarfe biyu na dare, asibitin Damagaram.
Sun kawo Tanimun ɗan ga-ruwa daga Garin Malam.
Ƙusa ce ta soke shi a dunduniya, yau kwana tara,
dafin ya bi jini ya haura.
Goshi kamar dutsen Birni da azahar,
yatsu kuwa sanyi ƙalau.

Majo Falmata ta rataye leda ta uku,
ta dube ni: a sake masa?

A garin nan ba ma zuba ruwa da ka.
Wanda ya kwana layin famfo ya san nauyin moɗa guda.
Jiki ma haka:
ka rage, ƙoda ta bushe,
ka wuce, huhu ya nitse,
mutum ya sha ruwa ya mutu a kan katifa.

Na shafa masa man nan mai sanyi a ƙasan ƙirji,
na ɗora kan eko.
Allo ya yi toka-toka, sannan ta fito,
babbar jijiyar da ke mai da jini gida.
In ya ja numfashi sai ta lotse,
bango ya taɓa bango,
kamar salkar da aka matse a tsakiyar rani.

Ban yarda da shaida ɗaya ba.
Muka kwantar da kansa, muka ɗaga ƙafafun nan
da suka tura kura shekara goma sha bakwai.
Aron jini ne daga cinya zuwa zuciya,
in bai karɓe ta ba, a sauke, a mayar.
Na ƙura ido.
Zuciya ta karɓa, bugu ya cika.

Sake masa, Majo. Rabi tukuna.

Ɗiga. Ɗiga.
A waje ƙaninsa Mutari na jan carbi,
yana tambayar nawa ne kuɗin leda.

Wajen asuba na sake leƙawa.
Jijiya ta tsaya da ƙafarta,
ga fararen layuka biyu sun fara saukowa a huhu.
Rufe, na ce. Ya isa.

Bai buɗe ido ba tukuna.
Amma robar da ke rataye a gefen gado
ta tara fitsari, bai kai cikin kofin shayi ba.
Na ɗaga ta ga fitila, ni da Falmata muka duba,
kamar masu duban wata.